Akwatin Sifikar Bayan Mota

Zuwa ga Yaya Garzali, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Yaya Saude da yara. Allah Ya ƙara rufa asiri. Ni ce Zuliha nake faɗa, Malam Isiyaku maƙwabcinmu yana rubutawa, na ce masa kar ya gyara mini komai. Inna lafiya lau, sai dai ƙafar nan tata. An yanke shinkafa, an gode Allah.

Yaya, yarinyar nan tawa ce ba lafiya. Ka san Fijon da maigidan yake ja tsakanin Bunkure da Kano, mai dogon bayan nan. To, ya sa an haɗa masa wani ƙaton akwatin sifika na katako a but, can baya wajen kaya, wai fasinja sun fi shiga mota mai kiɗa. Abin nauyi kamar turmi, kuma ba a ɗaure yake ba, buhun shinkafa shanshera kawai yake jingina masa. Ranar da za mu suna gidan Baraka ya sauke buhun a injin casa a Kura, ya manta shi ne ke tare akwatin. Motar ta cika da dangin miji, ga surukata a ciki, ni kuma ka san ba a rungumar ɗan fari a gaban manya. Sai aka ɗora yarinyar a baya, kusa da akwatin. Tana ta dariya, Yaya, tana buga akwatin da hannu. Muna hawa gadar kanal ɗin ruwan noman rani ya taka birki, sai kawai na ji ƙara. Akwatin ya taho ya danne mata cinya.

Mai ɗori ya ɗora, ƙafar ta kumbura, yanzu asibitin ƙashi muke kai ta Kano. Likita ya ce in wurin ya sake buguwa, ba lalle ta taka ba. Kuma motar dai ita ce, a baya ake kwantar da ita don ƙafar ta miƙe. Na roƙi maigidan ya cire akwatin, ya ce ya ɗaure da robar taya. Wallahi na ja robar nan da hannuna, miƙewa take yi. Ba mugu ba ne, shi ma na gan shi yana share ido a zaure, amma maganata ba ta shiga.

Don Allah ka rubuto masa, kai yana jin nauyinka. Ko ya cire, ko a kafe shi da ƙusa a jikin motar. Kafin takardarka ta iso, ni zan riƙa shiga but ɗin, in jingina bayana da akwatin, in ɗora 'yata a cinya. Wanda zai ce ba ni da kunya ya faɗa. In akwatin zai taho, ni zai fara samu.

Ka gaida Yaya Saude da Mukhtari da Binta. Inna tana gaishe ku. Ku sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Zuliha