Komadorin Malam Kuwabara

Litinin, 1 ga Oktoba
Shugabanmu Hoshikawa ya ce in fara sauya wa busassun tsuntsayen ɗakin ajiyar jami'armu wuri. Gwajin jini ya nuna tsuntsun nan komadori ba dangin tsugumi ba ne, masu tonon tsutsa a ƙasa. Ɗan'uwan hitaki ne, 'yan ƙananan nan masu cafke ƙuda a iska. Malam Kuwabara kuwa duk rayuwarsa tsugumi yake ce masa. Shi ya koya mini riƙe tsuntsu. Tun bazara yake kwance a asibiti, ɓarin jiki ya shanye, ba baki. Gara da bai gani ba.

Laraba, 3 ga Oktoba
Jiya na kwashe komadorin kaf zuwa durowar hitaki. Yau da safe guda ya koma ta tsugumi, tsohon nan mai karyayyen bindi, wanda Malam ya cusa wa auduga da hannunsa. Mantuwa na yi, wataƙila.

Alhamis, 4 ga Oktoba
Ba mantuwa ba ce.

Talata, 9 ga Oktoba
Hoshikawa ya gani. "Ke Nagamine, biyayyar taki ta isa haka. Ko malamin naki ne ke aiko ki?" Ya yi dariya, ni ban yi ba. Baƙi na zuwa daga wasu jami'o'i ƙarshen wata. Ya ce in suka tarar da shirme, kada in sa rai da aikin baɗi. Makullin ɗakin biyu ne, nawa da nasa. Ya karɓe nawa.

Laraba, 10 ga Oktoba
Shi ya buɗe da kansa, ina bayansa. Tsuntsun yana can cikin tsugumi, rigingine, kansa ya juya hagu. Mu wajen dama muke juya su. Malam ne bahago.
Hoshikawa ya tura durowar. Ya miƙo mini makullina bai dube ni ba. "Kada kowa ya ji."

Asabar, 13 ga Oktoba
Asibiti. Matar Malam, Inna Fumie, tana fere masa tuffa, wai ko ƙamshin ya ji. Ta ce, "Shiori, 'yar nan, ke kike kawo masa kafur?" Na ce a'a. "To kullum da safe hannunsa warin kafur yake, irin na durowoyinku. Na wanke, na wanke." Ta zungure shi. "Tsoho, ina kake zuwa yawo ba sallama?"
Na kama hannun. Sanyi ƙalau. Akwai silin auduga a ƙarƙashin farce. Ta ce na bargo ne.
Na sunkuya na gaya masa gwajin ba ƙarya ya yi ba, ni ma na duba. Ya zuba mini ido har sai da na sauke nawa. Bakina ya riga ni: "Yi haƙuri, Malam." Haƙurin me kuma?

Juma'a, 19 ga Oktoba
Ni mayarwa, shi komawa. Na daina karyawa kafin in fito.

Litinin, 22 ga Oktoba
Na buɗe, tsuntsun yana cikin hitaki inda na bar shi. Ban ko tuɓe rigar sanyi ba waya ta yi ƙara. Na san muryar wa zan ji.

Laraba, 31 ga Oktoba
An ƙone gawar Malam satin jiya, bisa al'adarmu. Baƙi sun zo sun yaba, Hoshikawa ya ce baɗi ina nan. Tsuntsu bai sake motsi ba. Hankalina ya kwanta, haka nake gaya wa kowa. Sai dai yanzu nakan riga mai shara zuwa, kuma durowar tsugumi nake fara ja.
Yau na ɗan matsar da na ciki, gurbi ya samu a gefe. Ban tura ta har ƙarshe ba da zan tafi. Don iska ta shiga ne kawai.