Dogo Ya Warke, A Bar Wa Baba Bukar Basillarsa

Zuwa ga Babban Manaja,
Kamfanin gyaran gyaɗa da muke wa aiki a hanyar Ɗanbatta.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka gaisuwa ta girmamawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya aiki, ya kuma haƙuri da mu? Sunana Sagiru, ni ne mai kula da hannun ƙarfen nan na sashen lodi, wanda ke ɗaukar buhunan gyaɗa daga kan bel ɗin da ke gungurowa da su yana jera su a kan katako. Mu a nan Dogo muke ce masa. Sau biyu na rubuto maka ta ofis ban ji amsa ba. Ina kyautata zaton takardun ba su kai teburinka ba, shi ya sa na fito da wannan fili. Kuma in faɗa maka tun farko, cikin murna nake rubutu, domin Dogo ya warke sarai. Kukana ɗaya ne: dattijon da aka ɗora wa laifin ciwon, har yau takardar sallama na kansa.

Na ɗaya. Ka san tun da aka kafa Dogo yake da wata ɗabi'a. Yana cikin aiki lafiya lau, sai ya ƙame da buhu a sama, jar fitila ta kama, jiniya ta cika gida, buhuna su cunkushe a kan bel. Sau biyu kamfanin da ya sayar mana da shi ya turo injiniyoyi daga birni. Zuwan farko suka canza waya. Zuwa na biyu suka goge masa ido, wato na'urar da yake auna buhu da ita kafin ya kama. Duk zuwan biyu Dogo ya yi musu ladabi kamar ɗan da ya ga baƙi, ko tari bai yi ba. Da suka rasa abin rubutawa, sai suka rubuta cewa ɗinkin bakin buhu da ake yi da hannu ba shi da daidaito, a sayo injin ɗinki. A kan wannan rahoto aka ba Baba Bukar da abokan ɗinkinsa biyar takardar cewa aikinsu ya ƙare a ƙarshen watan nan.

Na biyu. Wataƙila ba ka san Baba Bukar a ido ba. Shi ne dattijon da ke zama a bakin sikeli da basilla da ƙullin zare, yana ɗinke bakin buhu. Kakanninsa daga Borno suka zo suka zauna a ƙasar nan, ni kuma Bafulatani ne ta wajen uwa, don haka kullum sai mun taɓa. Ni in ce masa bawana, shi ya ce ai ko nonon da na sha da kuɗin Barebari aka saya. Amma wasa daban, aiki daban. Tun kafin a haife ni yake ɗinkin buhu a kasuwa, kuma ban taɓa ganin buhun da ya ɗinka ya zubar da ƙwaya ɗaya a hanya ba. Shi ya sa rahoton nan bai kwanta mini ba ko kaɗan.

Na uku, yadda na gano ciwon. Akwatin da ke sarrafa Dogo yana ajiye tarihin duk tsayawar da ya yi, da ranar da lokacin da dalili. Na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya da biro da takarda. Dalilin kullum ɗaya ne, wai buhu ya wuce tsawon da aka faɗa masa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ranakun. Kusan duk tsayawar a jajibirin kasuwar Ɗanbatta take faruwa, sauran ranakun mako kuwa sai jefi-jefi. Na ce ikon Allah, injin da aka ƙera a wata uwa duniya, ina ya san ranar kasuwarmu?

Da jajibirin ya zagayo, sai na bar akwati na je na tsuguna kusa da Baba Bukar ina kallon hannunsa. Nan na ga abin da na shekara ina gani ban lura ba. Idan ya zo ƙarshen ɗinki, sai ya tattaro kusurwar buhu ya naɗe ta da zare, ya bar kunne dogo, kusan taƙi guda, dama da hagu. Na ce, "Baba, jiya ai ba haka kunnuwan suke ba." Ya kalle ni kamar na tambaye shi sunan babansa. Ya ce, "Kai yaro, na jiya tirela za su hau, injin ɗaga kaya ne zai sauke su. Na yau kasuwa za su, 'yan dako ne za su sauke. Buhu ba kunne, ta ina bawan Allah zai kama? Ko so kake ƙashin bayansa ya tsinke?"

Wallahi, ranka ya daɗe, sai da na zauna daɓas a ƙasa ina dariya. Ba wanda ya taɓa ba shi wannan umarni, ba a rubuta shi a ko'ina ba. Shi dai ya san inda kowane lodi zai nufa, yana kuma tausayin wanda zai ɗauka. Dogo kuwa an koya masa auna buhu daga baki zuwa gindi, to da idonsa ya hango kunne ya miƙe, sai ya ɗauka buhun ya yi tsawo, ya ƙame. Injiniyoyin birni kuma duk zuwansu a tsakiyar mako ne, ranakun gajeren kunne.

Na huɗu, abin da na yi, kuma ba zan ɓoye ba. Lambar sirrin shiga akwatin tana nan rubuce da alƙalamin maka a bayan ƙofarsa, ɗaya daga cikin baƙin injiniyoyin nan ne ya rubuta don kada ya manta. Na shiga da ita. Kafin in taɓa komai sai da na kwafe tsohon tsarin gaba ɗaya a filas ɗin kwamfuta, yana nan a durowar shugaban sashenmu. Ban taɓa iyakokin tsaro ba, ban ƙara masa gudu ba. Abu biyu kawai na canza. Na koya masa ya riƙa auna buhu daga cikinsa, inda gyaɗar take, ya kau da kai daga abin da ya miƙo a kusurwa in bai wuce taƙi ba. Sannan na ɗauki ɗan allon da ake riƙewa a hannu ana nuna masa motsi, na bi da shi a hankali, na gyara inda yake sa yatsunsa don kada ya danne kunnen. Na gwada shi da buhu ɗaya a mafi ƙarancin gudu, hannuna na kan maɓallin tsayarwa. Ya sunkuya, ya ɗauka, ya juya, ya ajiye.

Da ma kana nan ka ga gidan nan ranar! Baba Bukar da gangan ya ɗinko wani buhu mai kunnuwa kamar na zomo, wai a gwada ɗan nema. Dogo ya ɗauke shi ko gezau. Direbobi suka hau tafi, masu shara suka rangaɗa guɗa, mai shayin bakin ƙofa ya aiko mini da kofi mai kauri bai karɓi ko sisi ba. Baba Bukar ya ce yau ya yarda Bafulatani na iya kiwon abin da ba shi da ƙaho. Jajibirin kasuwa uku ke nan a jere jar fitila ba ta kama ba. Ban taɓa jin daɗin aikina irin na waɗannan makonni ba.

Na biyar, inda kukan yake. An ba ni takardar tuhuma saboda na shiga akwati ba da izini ba. Na karɓa hannu biyu, na amsa laifina, duk hukuncin da ka ga ya dace ba zan ɗaga murya ba. Amma takardar Baba Bukar da mutanensa ba a janye ta ba. Har na ji ana cewa idan baƙin suka dawo za su mayar da tsohon tsari, tunda ba su suka yi sabon ba. In aka yi haka, aka kuma kawo injin ɗinki, Dogo zai yi aiki, ban musa ba. Sai dai buhunanmu za su isa kasuwa ba wurin kamawa, kuma an kori mutum shida a kan laifin da babu shi.

Don haka ina roƙon ka, don girman Allah, ka janye takardar sallamar nan kafin wata ya ƙare. Ina kuma roƙo a sa injiniyoyin su duba gyaran da na yi, in sun ga kuskure su nuna mini in ƙaru, amma su zo a jajibirin kasuwa. Kai ma in ka samu sarari ka zo ranar, ka tsaya minti goma a bakin sikeli.

Baba Bukar malamin allo ne a unguwarsu, yana karanta ajami kamar ruwa, amma ba ya karanta boko. Ni na karanta masa takardar ranar da aka ba shi, ya ninke ta ya sa a cikin hularsa, kuma har yau bai faɗa wa iyalinsa ba. Jiya bayan La'asar ya ciro ta ya miƙo mini, yana murmushi. Ya ce, "Sagiru, tunda abokin naka ya warke, sake duba mini, ko ta canza." Na duba, ranka ya daɗe, tana nan yadda take. Na ce masa ya ba ni kwana biyu.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya albarkaci zuriyarka, ya sa kamfanin nan ya ɗore har jikokinmu su ci abinci a cikinsa. Allah ya sa hannunka ya zama sanadin farin cikin dattijon nan.

Wassalam.

Ma'aikacinka,
Sagiru, mai kula da Dogo,
Sashen lodi.