Waƙar da na tura wa rabin Karaye

Zuwa ga ƙanena Auwalu,

Assalamu alaikum. Yaya jiki, yaya iyali, yaya karatu da sanyin Turai? Mu nan lafiya, sai dai hankalina a tashe yake.

Shagon tura waƙoƙin nan ni na kafa shi, ba wanda ya ba ni ko benci. Kwamfuta ma ni na koya wa kaina. To, a wata waya 'yar gwanjo na tsinci waƙar wata mata, mai daɗi, ba suna. Na tura wa 'yan acaɓa, yanzu har Falgore ake sa ta a biki.

Shekaranjiya Liman ya tare ni a ƙofar masallaci, ya ce, "Sani, me matar nan take faɗa? In zagin addini ka zuba a kunnen 'ya'yanmu fa?" Dattawa sun ba ni zuwa Juma'a in kawo fassara, ko a rufe shagon, kuma ina tsoron abin ba zai tsaya a nan ba.

Na duba intanet har idona ya yi ja. Manhajar gano waƙa ba ta san ta ba. Wani ya ce harshen ƙasar Latbiya ne, can wajenku Turai. Na rubuta kalmomin yadda kunnena ya ji, ba abin da ya fito.

Na turo maka waƙar. Don Allah nemo ɗan ƙasar ya saurara. Ka sa ni a addu'a, ka gaida Hauwa.

In waƙar ta tabbata ta soyayya ce kawai, a rubuta a saman fassarar cewa ni, Sani Mai Waya, na kawo ta Karaye.

Yayanka,
Sani