Maki Biyar da Na Ƙara wa Malamina

Doña Herminia, don Allah ki taimake ni da shawara. Sati uku ke nan abu ɗaya na cina a rai, kuma duk wanda zan gaya wa a garin nan ya san mutanen. Sunayen da zan faɗa ma ba nasu ba ne.

Shekarata hamsin da biyu, sana'ata haɗa haƙoran roba a wani ƙaramin gari a lardin Santa Fe. Duk Lahadi ina filin ƙungiyarmu ta masu ƙananan jiragen sama, irin waɗanda mutum ke ƙerawa da hannunsa da icen balsa, ya ɗaura musu siraran wayoyi biyu, ya tsaya a tsakiyar fili yana juyawa, jirgin na kewaya shi. Na san za ki ce manya da wasan yara. Mijina ma haka yake cewa, amma shi ke gasa mana nama in an tashi.

Na daina tuƙa jirgin tun da jiri ya fara ɗibata, sai aka naɗa ni alƙaliyar kyan aiki. Ranar gasa, kafin a tada inji ko ɗaya, ana jera jiragen a kan ciyawa. In bi su ɗaya bayan ɗaya, in durƙusa, in duba inda fiffike ya haɗu da jiki, da santsin fenti, da miƙewar layuka, sannan in kifa shi in ga cikinsa, don can malalaci ke ɓoye aikinsa. Maki ashirin ke hannuna, ana tara su da makin tuƙi. Shekara goma sha ɗaya ina wannan, ba a taɓa cewa na yi son kai ba. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya na taɓa ba shi takwas, bai yi mini magana ba har Kirsimeti.

Duk abin da na sani Don Ovidio ne ya koya mini. Kafinta ne, maƙwabcinmu, aminin babana. Shekarar da babana ya rasu ina da shekara goma sha uku, na daina magana da kowa. Shi bai yi mini wa'azi ba. Ya kira ni garejinsa, ya miƙo mini fiffike da samfefa. In na ce na gama sai ya ce, "Rufe ido, yarinya, shafa. Kin ji tudun nan? Koma." Sau shida na koma kan fiffike ɗaya. A garejin nan bakina ya buɗe.

Yanzu shekararsa saba'in da tara, kuma shekara biyu ke nan hannunsa na rawa. Abin mamaki, in ya kama mariƙin wayoyi hannun sai ya natsu, har yau yana tuƙi fiye da yawancinmu. Buroshin fenti ne ya gagare shi. A gasar da ta wuce ya zo da sabon jirgi, ja da fari, wata takwas yana aikinsa, ya rubuta sunan matarsa Zulema a fiffike. Ina durƙusawa na ga komai. Jan layin ya karkace. Fenti ya zubo ya daskare kusa da wutsiya. Takardar da ya lulluɓe ƙarƙashin fiffiken hagu da ita ta yamutse. Na san makinsa tun kafin in miƙe: sha biyu. Sai na ɗaga kai na hango shi can gefe, hannuwa cikin aljihu don kada a ga rawar, yana yi kamar iska yake dubawa. Doña Herminia, na rubuta sha bakwai.

Ban yi lissafin abin da zai biyo baya ba, wallahi ban yi ba. Da aka tara maki ya zo na uku, ya wuce Amílcar da maki biyu kacal. Amílcar direban bas ne, a teburin cin abincin gidansa yake ƙera nasa jiragen. Na ba shi sha shida, kuma haƙƙinsa ne, jirginsa ya fi na Don Ovidio kyau nesa ba kusa ba. Ukun farko su ke zuwa gasar lardi a wata mai zuwa da sunan ƙungiyarmu, shi kuwa shekara huɗu yana neman wannan gurbin.

Bayan an gama tafi, ana ta yanka nama, Don Ovidio ya karɓi takardar maki ya sa tabarau ya karanta. Bai ce komai a gaban mutane ba. Ya yafito ni bayan mota inda ya ajiye jirgin, ya kama yatsana ya ɗora a kan yamutsin nan. Ya ce, "Wannan nawa nake cire miki a da?" Na ce uku. Ya kai yatsan wajen wutsiya, ya ce, "Wannan fa?" Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Yarinya, na mutu ne ba a gaya mini ba?" Ya sa jirgin a mota ya tafi, ko naman bai ci ba.

Tun ranar bai sake zuwa fili ba. Na haɗu da Doña Zulema a wajen mai burodi, ta ce kullum yana gareji, ya kankare fentin jirgin kaf har ice ya fito, ya soma daga farko. Ta ce in je mu sha mate, shayin ganyen nan namu, na ce to, ban je ba. Sau biyu ina isa ƙofarsu in wuce.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Amílcar bai san komai ba, ko kuwa ya sani ya yi kawaici. Ya rungume tsohon a ranar, kuma Lahadin da ta wuce ya ce mini ya nemi hutu a wurin aiki don ya kai shi gasar lardi da motarsa, ya riƙe masa jirgi wajen tashi. Na kasa kallon idonsa.

Nan da kwana goma kwamiti zai aika sunaye. In na faɗi gaskiya, kowa zai ji cewa aikin Don Ovidio ya koma na sha biyu, kuma daga bakina. In na yi shiru na ci haƙƙin bawan Allah. Mijina ya ce in ajiye alƙalancin in ce idona ne ya raunana, magana ta mutu. Har na rubuta takardar, tana cikin jakata. Me zan yi?

Mai Duban Fiffike, daga Santa Fe

Mai Duban Fiffike, 'yata,

Ban san komai game da jirage ba, amma na fahimci wasiƙarki sarai. Fara da yaga takardar da ke jakarki. Ƙarya ce ta biyu za ki ɗora a kan ta farko, kuma ba ta mayar wa Amílcar gurbinsa.

Ba mugunta kika yi ba. Mutumin da ya riƙe ki lokacin da kika rasa uba ne ya tsaya gefe yana ɓoye hannunsa, zuciyarki ta karye. Kowa zai gane wannan. Sai dai ki tambayi kanki wa kika tausaya wa a lokacin. Ina ganin rabin tausayin naki ne. Rubuta sha biyu yana nufin ki yarda cewa ya tsufa, kuma wata rana za ki rasa shi kamar yadda kika rasa na farko. Shi ya riga ya san hannunsa, kullum da shi yake tashi. Abin da bai sani ba sai ranar shi ne kin daina ɗaukarsa a matsayin ma'aikacin da za a auna, kin mayar da shi wanda ake lallaɓawa. Maganarsa ta yi kaifi, na yarda, amma ki lura a bayan mota ya yi ta, ya rufa miki asiri. Kuma wanda ya yi zuciya ya bar sana'a ba ya kankare fenti ya soma daga farko.

Ga yadda nake so ki bi abin. Cikin satin nan ki amsa gayyatar Doña Zulema. Ki shiga garejin, ki ce masa sha biyu ne, ki lissafa masa inda kowane maki ya zube, ba tare da sassauta murya ba. Haƙuri sau ɗaya ya isa, kada ki sa ya koma rarrashinki. Sannan ki gaya masa za ki kai maganar gaban kwamiti, ki tambaye shi ko yana so ku je tare. Ina kyautata zaton shi ma abin na damunsa, don ya san gurbin da yake kai ba nasa ba ne, kuma ba ya son ya tona ki. Ki ba shi damar miƙa shi da hannunsa.

Daga nan ki nemi Amílcar ke da kanki, kafin ya ji a bakin wani. Kada ki yi dogon bayani. Zai iya jin haushi, kuma yana da dalili. Zai iya cewa a bar wa tsoho, kada ki karɓi wannan a madadinsa, kwamiti ne zai yanke. Ga kwamiti kuma ki ce kuskuren alƙaliya ne, ba sai kin baje aibin jirgin a gaban taro ba. Ki ba su shawara daga yanzu mutum biyu su riƙa ba da makin kyan aiki, don nauyin ya yi wa mutum ɗaya yawa a wurin da kowa ɗan'uwan kowa ne.

Abu biyu kuma. Ki tambayi Doña Zulema a keɓe ko likita ya duba rawar hannun nan, kada a bar ta a kan tsufa kawai. Kuma in kin gan shi yana fama da buroshi, kada ki karɓe masa sai in ya miƙo. Ki ja kujera ki zauna, ki zuba masa mate, ki yi masa hira. Za a ɗan yi surutu a filinku na sati biyu ko uku, zai wuce. Lahadin da suka rage muku ke da shi su ne abin da ba zan so ki ɓata kina wucewa ta ƙofarsa ba.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya ƙara wa Don Ovidio lafiya, ya ba Amílcar sa'a duk inda ya tashi jirginsa.

Taki,
Doña Herminia