Ƙofar da Ban Buɗe Maka Ba

Zuwa ga yayana Lawali, wanda ke kwance a maƙabartar Sabha.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, na rubuto ne don in faɗa maka abin da na kasa sawa ko a kayena, littafin da nake rubuta lamuran kowace rana. Shafin ranar da ka rasu layi biyu ne: an kawo wuta, an yi harbi. Shekara guda ke nan ban ƙara masa harafi ba.

Ka tuna tsohuwar kwamfutar da mudir, wato shugaban wurin ginin da nake aiki, ya ce in zubar, na kinkimo ta zuwa ɗakinmu na unguwar Tayuri? A cikinta na tarar da wasan nan na yaƙin Turawa, yaƙin da aka gama tun ba a haifi Baba ba. Ba ka ganin fuskarka a ciki, sai hannuwanka da bakin bindiga. Ka diro daga jirgin ruwa, yashi na tashi, na kusa da kai ya faɗi yana ihu. Ni da nake yini ana ce mini ɗauko, ajiye, koma, a can ni ke zaɓar inda zan sa ƙafa. Babu mai tare ni ya ce in fito da takarda.

Kai dariya abin yake ba ka. Kakan leƙo ka ce, "Janar, garuruwa nawa aka ci yau? In an tsagaita wuta a zo a ɗora shinkafa." Wata rana kuma ka ce, "Ga harbi kyauta a waje, kai kana shiga ɗaki nemansa."

Abin da ban taɓa yi maka bayani ba shi ne, da kunne ake yin wasan. Sai na toshe duka biyun da abin sauraro sannan nake gane takun abokin gaba daga hagu yake ko dama, in ji lokacin da harsashinsa ya ƙare. In na bar kunne ɗaya a waje, nan take ake kashe ni. In na rufe biyun, Sabha ta ɓace: ba zafi, ba ƙurar siminti, ba ni kaina.

Dokar gidanmu kai ka kafa ta. Da an ji harbi, wanda ke ciki ya sa sakata, ya zauna a bayan ƙofa har na waje ya dawo. Kakan ce, "Sakata ba ta san ɗan gida ba, sai da mutum a bayanta."

Ranar Asabar ce, bayan la'asar. Na ji harbi daga nesa, na sa sakata, na zauna kamar yadda ka ce. Na yi kusan rabin awa. Sai ya lafa. Sai fanka ta motsa, an kawo wuta bayan kwana biyu babu. Na ce a raina ai kana can unguwar Abdulkafi wajen aiki, ba za ka taso cikin wannan hali ba. Na ce gada ɗaya ta rage mini in ƙwace a wasan, minti goma ne.

Na ƙwace gadar, Yaya. Da na cire abin daga kunnena, kukan matan maƙwabta na fara ji.

Haruna mai walda, da ke leƙe ta tagarsa, ya ce ka buga da hannu, ka buga da ƙafa, kana kiran sunana, kafin harsashin da ba kai aka nufa da shi ba ya same ka. Na auna daga inda nake zaune zuwa ƙofar. Taku tara ne. Na sake aunawa ya fi sau ashirin, ko zai ƙaru.

Da na kira Inna a Damagaram, ce mata na yi a hanya aka harbe ka, nesa da gida. Tun daga nan duk kiran da na yi, sai ta rufe da cewa, "Allah ya yi maka albarka, Salisu, kai ka riƙe ɗan'uwanka har ƙarshe." Ni kuma in ce amin. Albarkar nan ita kaɗai ta rage mini a ƙasar nan, kuma na san ba tawa ba ce.

Akwai abin da ya fi wannan kunya. Ban daina wasan ba. Nan ne kaɗai ba na jin bugun ƙofa. Ban sani ba ko wannan ciwo ne ko rashin imani.

Juma'ar da ta wuce na kira Inna, na faɗa mata komai, har gadar. Ina jin awaki a bayanta. Can ta ce, "Ya daɗe yana bugawa?" Na ce ya daɗe. Ta ce, "To." Ta miƙa wa Hadiza matarka wayar, ita kuma ta kashe ta.

Yau kwana shida. Kullum bayan sallar asuba nakan kira, ta yi ta ringi har ta tsinke. Gobe ma zan kira.

Allah ya jiƙanka, Yayana, ya yalwata makwancinka, ya raya yaranka cikin aminci. Ya sanyaya zuciyar Inna, ko da ba a kaina ba. In ana jin maganar masu rai a inda kake, ka yafe mini.

Ƙanenka,
Salisu
Tayuri, Sabha