Mabuɗin Ajiya Yana Hannuna

Litinin, 3 ga Maris

Auta ta shiga makon ƙarshe na gwaji a wurin aiki. Ogansu ya ce ta tsare sabar kamfani, wata kwamfuta ce can nesa da ake shiga daga gida. In ta yi daidai kafin Juma'a, aikin ya zama nata. Wai mutum dubu sun gwada kalmar sirrin jiya, ɓarayi. Na ce to, duniya ta lalace har cikin waya.

Talata, 4 ga Maris

Za ta soke shiga da kalmar sirri, sai da mabuɗi, wani dogon rubutu da ke zaune a kwamfutarta. Na ce mabuɗi nawa? Ta ce ɗaya. Yarinyar da ta ɓatar da na ɗakinta sau huɗu! Na ɗauko tsohuwar kwamfutar babanta daga durowa na dire mata. "Haba Umma, wannan gyatumar?" Na ce gyatuma ce ta haife ki. Tana dariya ta yi na biyu a ciki, ta sanar da sabar. Na mayar durowa na kulle.

Laraba, 5 ga Maris

Ta manna takarda a allon kwamfutarta: KAR A RUFE. Ni za a kafa wa doka a teburin cin abincina.

Alhamis, 6 ga Maris

Ta shiga wanka ta bar baƙar tagar nan ta kan allon, wadda take shiga sabar da ita, a buɗe, wuta na ci a banza. Na kashe na goge teburin. Ashe ta riga ta soke kalmar sirri, garin gyara kuma ta goge layin mabuɗinta a cikin sabar, tagar ce kaɗai hanyar da ta rage. Ta fito, ta gwada, saba ta ƙi ta. Ta zauna a ƙasa. "Umma, kin kulle ni a waje."

Na miƙe. Na buɗe durowa.

Gyatuma ta yi minti goma tana nishi kafin ta tashi. Bugu ɗaya, Auta ta shiga sabar! Na yi guɗa har maƙwabciya ta leƙo. Na faɗa mata wa ya ce a yi biyu.

Juma'a, 7 ga Maris

An ba ta aikin. Ta ce wa oga dabarar mahaifiyarta ce. Ai gaskiya ta faɗa.

Lahadi, 9 ga Maris

Yau ma ta bar tagar a buɗe, ba takarda. Na share teburin gefe da gefe. Babanta ya kai hannu zai kashe, na buge hannun.