Babban Yatsan Inna

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ya Legas, ya su Rabi da yara? Mu a Matameye sai godiya, ko da yake ruwa ya ɗauke da wuri, sojoji kuma sun cika hanya.

Na kai Inna asibiti a Damagaram kan babban yatsanta da ya karye. Gwajinsu shi ne ta rufe ido, su lanƙwasa yatsan su miƙe shi, ita kuma ta mayar da shi yadda suka lanƙwasa, su auna. Mace ce ta fara aunawa, ta ce da saura. Da muka koma, namiji ya auna, ya ce ta warke sarai.

Ni ban yarda ba. Inna ce za ta rufe ido baƙon namiji na riƙe da hannunta? Na tambaye ta ko ta leƙa, ta ce, "Ke dai kama bakinki."

Jiya ƙwaryar gero ta suɓuce mata, muka yini muna tsinta cikin rairayi.

Ka sa ta a addu'a, ka gaida Malam Iro. Ka aiko mata ta koma wurin macen, maganarka take ji. Geron da ya rage ba zai jure irin wannan warkewar ba.

Ƙanwarka,
Hadiza